Daga Koufonisi zuwa Iraklia a jirgin fito: tambayoyi da amsoshi

Koufonisi da Iraklia ƙananan tsibirai ne biyu na ƙasar Girka, a cikin Tekun Ejiyan, kudu da babban tsibirin Naxos. A taswira kamar ka miƙa hannu daga wannan ka taɓo wancan. Amma kusancin nan shi ke yaudarar baƙi, har mutum ya kama ɗaki a Iraklia alhali ranar babu jirgin da zai kai shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu shirin wannan tafiya suka fi maimaitawa. An bar sunayen tsibirai da tashoshi yadda za ka gan su a rubuce a jikin tikiti.

Ina waɗannan tsibirai suke, kuma yaya girmansu?

Suna cikin rukunin da ake kira Ƙananan Kiklades, wanda tsibirai huɗu ne kawai ke da mazauna a cikinsa. Iraklia da Schinoussa da Koufonisi suna jere daga yamma zuwa gabas a ƙasan Naxos, ita kuwa Donousa ta ware can arewa maso gabas ita kaɗai. Gaba da su akwai Amorgos, wadda ta fi su girma nesa ba kusa ba. Ta fuskar mulki duka huɗun ƙaramar hukuma ɗaya suke da Naxos.

A ƙidayar 2011 mutum 399 aka samu a Koufonisi, 141 a Iraklia. Abin mamakin shi ne Iraklia ce ta fi faɗi, kusan murabba'in kilomita 18, Koufonisi kuwa ba ta kai 6 ba. Koufonisi shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi da masunta, kuma ita ce baƙi ke yi wa tururuwa. Iraklia duwatsu ne da awaki da hanyoyin ƙafa. Babu filin jirgin sama a ko ɗaya, haka ma Amorgos, don haka shiga da fita duk ta ruwa ne.

Waɗanne jirage ne ke bin wannan hanya?

Iri uku ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Na farko shi ne Express Skopelitis, ɗan ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja ɗari uku da ɗoriya da motoci kamar dozin guda. Iyalin Skopelitis na Amorgos ne ke da shi, sun gaji wannan fito tun shekarun 1950. Kwana shida yake aiki a mako, yana hutawa ran Lahadi. Shi ne jijiyar tsibiran: burodi da kayan miya da magani da wasiƙu da kayan gini duk a cikinsa suke zuwa, fasinja ƙari ne.

Na biyu manyan jiragen kamfanin Blue Star ne masu tasowa daga Piraeus, tashar birnin Atina. Suna biyowa ta Naxos su tsaya Iraklia da Schinoussa da Koufonisi kafin su wuce Amorgos, amma 'yan kwanaki ne kawai a mako, kuma sau da yawa a lokacin da bai yi wa kowa daɗi ba, tsakar dare ko kafin asuba. Na uku su ne masu gudu irin na kamfanin SeaJets, waɗanda sai lokacin zafi ake ganinsu. Waɗannan Koufonisi suka fi tsayawa, suna haɗa ta da Naxos da tsibiran Mykonos da Santorini. Iraklia ba kasafai suke leƙa ta ba, saboda haka mai son tafiya tsakanin tsibiran biyu ya cire su daga lissafi.

Tafiyar awa nawa ce, kuma nawa ne kuɗin?

A Skopelitis kamar awa ɗaya ce, har da tsayawar da yake yi a Mersini, tashar Schinoussa. Mafi tsawon zangon shi ne Koufonisi zuwa Schinoussa. Daga nan zuwa Agios Georgios, tashar Iraklia, kwata ɗaya na awa ne ko ƙasa da haka. Babban jirgi ya ɗan fi sauri. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, bai kai yuro goma ba ga mai tafiya a ƙafa, saboda gwamnati na tallafa wa hanyar (duba tambayar jadawali a ƙasa). Jirage masu gudu, a zangon da suke bi, kuɗinsu kan ninka na Skopelitis sau uku ko fiye.

Zan iya zuwa da safe in dawo da yamma?

Ya danganta da inda ka kwana, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Skopelitis a Katapola yake kwana, wato tashar Amorgos. Yakan tashi da misalin bakwai na safe ya nufi yamma: Koufonisi, Schinoussa, Iraklia, sai Naxos. Da misalin biyu na rana ya baro Naxos ya sake bin sawunsa: Iraklia, Schinoussa, Koufonisi, ya koma gida. Kamar motar ƙauye ce mai fita birni da sassafe ta dawo da la'asar. Wanda ke ƙauye zai je birni ya dawo rana ɗaya, wanda ke birni kuwa in ya bi ta sai kwana.

To, wanda ya sauka a Koufonisi yana iya shiga da safe, ya yi yini a Iraklia, jirgin ya kwashe shi wajen uku da rabi a hanyarsa ta dawowa. Wanda ya sauka a Iraklia ba shi da wannan dama. Jirgin da zai kai shi Koufonisi na yamma ne, na dawowa kuma sai washegari da safe. Idan kuma ranar Asabar ya tafi, sai Litinin, sai fa in an yi sa'a akwai Blue Star a tsakani.

Akwai wani ƙulli kuma. A wasu ranakun mako jirgin yakan fara zagayawa ta Aegiali, tashar Amorgos ta biyu, da Donousa kafin ya iso Koufonisi. A irin waɗannan ranaku yakan makara da awanni, yinin da ka yi tsammani a Iraklia ya koma awa uku ko huɗu. Ka zaɓi ranar da yake zuwa kai tsaye. Ko a ranar ma kada ka ce sai ka ga kogon Agios Ioannis: daga tasha zuwa ƙauyen Panagia wajen kilomita huɗu ne na hawa, daga nan kuma tafiyar ƙafa ce ta fiye da awa guda a kan duwatsu, bakin kogon kuwa sai da rarrafe ake shiga, da tocila a hannu. Mai yini ɗaya ya tsaya a gaɓar Livadi, wadda ba ta wuce tafiyar minti ashirin daga tasha ba. Kogon na wanda ya kwana ne.

Na duba intanet ban ga jirgi a watan da nake so ba. Babu ke nan?

Akwai, ba a fitar da jadawalin ba ne tukuna. Hanyoyin ƙananan tsibirai ba sa biyan kansu, don a hunturu jirgi kan tashi da fasinja 'yan ƙalilan. Saboda haka ma'aikatar harkokin jiragen ruwa ta Girka ke ba da su kwangila, tana biyan kamfanoni tallafi. Sai an kammala wannan an amince da lokuta kafin a saka su a kasuwa, kuma hakan kan ja lokaci. Manyan hanyoyi irin Piraeus zuwa Naxos kan fito tun da wuri, na Skopelitis kuwa wani lokaci sai saura makonni.

Dabarar ita ce ka duba jadawalin wannan wata na bara ka yi tsari a kansa, don ranakun ba su cika sauyawa sosai ba, ka kama masaukin da za a iya sokewa kyauta, sannan ka daidaita idan na bana ya fito. Shafuka irin Ferryhopper da Ferryscanner suna tattaro kamfanoni wuri ɗaya, amma idan suka saɓa da shafin kamfanin kansa, maganar kamfani za ka bi.

In sayi tikiti tun daga gida, ko in bari sai na je?

Na ɗan zangon Koufonisi zuwa Iraklia, mai tafiya a ƙafa zai iya bari sai ana gobe, in dai ba tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta ba ne. Makon 15 ga Agusta kuwa, ranar babban bikin cocin Orthodox na tunawa da Nana Maryamu, Girkawa kansu ke kwararowa tsibirai, jirage da ɗakuna su cika maƙil. Haka ma makon Ista nasu, wanda sau da yawa ba ya faɗuwa rana ɗaya da na sauran Turai. A waɗannan lokuta ka saya da zarar an buɗe sayarwa. Tikitin dogon zango daga Piraeus shi ma gara a riƙe shi da wuri.

Ka karanta saƙon da aka turo maka bayan biya. Wasu kamfanoni, irin Blue Star, suna ba ka damar sauke tikiti a waya kafin ranar tafiya. Idan kuwa saƙon ya ce a karɓi na takarda, dole ka je wurin wakilin kamfani a tsibirin, kuma a wuri kamar Iraklia wakilin na iya zama ɗan tebur ne a cikin shago, mai buɗewa da rufewa yadda jirgi ya zo. Kada ka dogara da cewa za ka biya a bakin jirgi.

Ana duba fasfo ko biza tsakanin tsibiran?

Babu shinge, duk cikin Girka ne. Bizar Shengen da ɗan Najeriya ko Nijar ko Gana ya shigo da ita ta wadatar, muddin kwanakinta ba su ƙare ba. Amma wajen sayen tikiti za a nemi cikakken suna da ƙasa da ranar haihuwa, kuma jami'an tasha suna da ikon gwada tikiti da takardar shaida. Ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo, ka kuma ajiye fasfon a jikinka, ba cikin akwatin da za ka bari a ƙasan jirgi ba.

Yaya shiga jirgin take? An ce ba ya jiran kowa.

Gaskiya aka faɗa maka. Kamfanoni na cewa fasinja ya iso rabin awa kafin lokaci, mai mota awa guda. A tasha ba za ka tarar da wani gini na a zo a gani ba, dandamalin siminti ne da 'yar rumfa, sai jami'in tsaron gaɓa cikin farin kaya ko shuɗi riƙe da usur. Jirgin zai shigo ya juya ya ba wa tasha baya, ya saki anga, a jefo igiyoyi mutanen ƙasa su cafe su ɗaure. Tun bai gama tsayawa ba ƙyauren bayansa ke saukowa ya zama gada. Masu sauka su fara fita, ana turo kwalaye da buhuna, wata 'yar akori-kura ta ja baya a kwashe mata kaya, sai a yi muku hannu. Duk wannan minti biyar ne ko ƙasa. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto ko ya koma sayen ruwa zai ga gadar ta ɗaga.

Haka a sauka. Ana sanar da sunan tsibiri da lasifika, amma iska da ƙarar inji kan haɗiye shi. Da ka ga an bar Schinoussa ka sauko ƙasa ka tsaya kusa da kayanka, don Iraklia ta riga ta iso. A bakin tasha masu gidajen baƙi kan zo da mota su ɗauki waɗanda suka kama ɗaki wurinsu, idan ka gaya musu jirgin da za ka biyo.

Makara kuwa ruwan dare ce, musamman ga jirgin da ya riga ya tsaya tashoshi huɗu kafin taku. Manhajar MarineTraffic, wadda a jami'ar da ke tsibirin Syros aka ƙirƙiro ta, tana nuna inda jirgi yake a daidai lokacin. Ta taimaka, amma kada ta sa ka zauna a ɗaki har sai ka ga ya matso.

Kaya nawa zan iya ɗauka, kuma ina ake ajiye su?

A aikace ba a auna kaya kamar a filin jirgin sama. Manyan akwatuna a ƙasa ake barinsu, wajen motoci, a kan kantoci ko a jingine da bango, wani lokaci ma'aikaci ya nuna maka ɓangaren tsibirin da za ka sauka. Babu rasit, babu mai gadi. Kuɗi da fasfo da waya da magani su hau sama tare da kai a ƙaramar jaka. Ka ɗaura wa akwatinka wani ƙyalle mai launi, don baƙaƙen akwatuna sun yi yawa kuma lokacin neman naka kaɗan ne.

Mece ce meltemi da kowa ke magana a kanta?

Iska ce busasshiya mai kaɗowa daga arewa a Tekun Ejiyan lokacin zafi, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Sama tar babu gajimare, rana na ƙwallewa, amma teku ya yi fari fat da kumfa. Takan yi kwana biyu ko uku ko fiye a jere, ta fi tsananta da rana, ta ɗan lafa da dare. Dalilinta bambancin nauyin iska ne tsakanin yankin Balkan da ƙasar Turkiyya mai zafi, iskar ta zubo kudu, tsibirai kuma su matse ta a mashigai ta ƙara gudu.

Girkawa da ma'aunin Beaufort suke maganar iska, har a bakin mai sayar da kofi za ka ji lambar. 5 da 6 abin yau da kullum ne a wannan lokaci. 7 da 8 teku ya ɓaci, 8 ɗin gudun kilomita 62 zuwa 74 ne a awa. Idan ta kai 9 hukumomin tasha kan hana jirage tashi, har manya. Masu gudu su ne ke fara janyewa tun kafin nan, saboda ba su da nauyi. Skopelitis ya yi suna wajen fita a ranar da waɗancan ke ɗaure, sai dai wanda ya bi shi ranar jikinsa zai gaya masa.

Mai bin zangon da muke magana ya ɗan yi sa'a, don Naxos da tsaunukanta na tare wa Iraklia da Schinoussa da Koufonisi wani kaso na iskar. Inda abin ke muni shi ne buɗaɗɗen ruwan da ke tsakanin Koufonisi da Donousa ko Amorgos. Hukumar hasashen yanayi ta Girka, EMY, tana fitar da hasashen teku kullum, kuma kwana biyu zuwa uku gaba ana iya dogara da shi.

Ina fama da tashin zuciya a mota ma. Yaya zan yi?

Ka zaɓi babban jirgi idan lokacinsa ya yi maka, ko ka bi na safe kafin iska ta kankama. A cikin jirgin ka zauna tsakiya kuma ƙasa, inda lilo ya fi sauƙi, ko ka fita waje ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka karanta, kada ka duba waya. Ka ci abu kaɗan marar maiƙo, ciki fayau ma ba ya taimakawa. Maganin jiri ana samunsa a kantin magani ba sai da takardar likita ba, ana sha kamar rabin awa kafin tashi, yana kuma sa barci. Ka saya tun a Naxos. Wasu citta ke yi musu. A benen sama na Skopelitis ranar iska feshin ruwan gishiri na jiƙa mutum sharkaf, ka sa rigar sama.

Idan aka soke jirgin, mene ne haƙƙina?

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1177/2010 ce ke aiki. Idan aka soke tafiya ko tashi ya yi jinkirin fiye da minti 90, kana da zaɓi: a mayar maka da kuɗinka, ko a sa ka a wani jirgi ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan laifin kamfani ne, kamar lalacewar inji, kuma dole ka kwana, su ne za su biya masauki, har yuro 80 a dare, iyaka dare uku. Akwai kuma diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti idan tafiyar da ba ta wuce awa huɗu ba ta makara da awa guda, kashi 50 idan jinkirin ya ninka. A tikitin da bai kai yuro goma ba, wannan ba abin ɓata yini ba ne.

Idan iska ce dalili, masauki da diyya duk sun faɗi, kuɗin tikiti ko sauyin jirgi kawai suka rage. Ɗakin ƙarin kwana daga aljihunka ne. Da ka ji an hana tashi ka fara zuwa wurin mai masaukinka kafin wurin wakilin jirgi. Baƙin da za su karɓi ɗakinka su ma ba su sami isowa ba, don haka galibi ana daidaitawa.

Yajin aiki ma na tsayar da jirage. Ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta ƙasar, PNO, kan sanar kwanaki kafin ranar, kuma 1 ga Mayu kusan kowace shekara jirage a ɗaure suke.

Jirgin sama na komawa gida daga Atina zai tashi. Wace rana zan bar tsibirin?

Ba ranar ba, ba kuma ana gobe da yamma ba. Ka bar ƙananan tsibiran aƙalla kwana biyu kafin, ka yi kwanan ƙarshe a Atina ko Piraeus. A Yuli da Agusta, in so samu ne, ka ƙara kwana ɗaya a Naxos, inda manyan jirage ke tashi zuwa Piraeus kullum kuma akwai ɗan filin jirgin sama. Kamfanin jirgin sama babu ruwansa da meltemi, kuma wanda bizarsa ke gab da ƙarewa matsalarsa ta fi ta asarar tikiti. Daga Piraeus layin jirgin ƙasa na 3 yana kaiwa filin jirgin sama kai tsaye tun 2022, akwai kuma bas mai lamba X96 dare da rana.

Muna jin labarin kifewar jirage a tekun Girka. Ba kasada ba ce?

Yawancin labaran nan na jiragen masu safarar 'yan ci-rani ne, irin jirgin kamun kifin da ya taso daga Libiya ya nutse daura da garin Pylos na kudancin Girka a watan Yunin 2023 da ɗaruruwan mutane. Waɗancan ba su da rajistar fasinja, ba wanda ya duba lafiyarsu, an kuma loda musu abin da ya fi ƙarfinsu. Jirgin fito mai lasisi ana ƙirga fasinjansa, yana da rigunan ceto da kwale-kwalen gaggawa, kuma ba kyaftin kaɗai ke yanke hukuncin tashi a mummunan yanayi ba.

Ba a ce ba a taɓa yin hatsari ba. Ranar 26 ga Satumba 2000 jirgin Express Samina ya daki duwatsu kusa da tashar tsibirin Paros, kimanin mutum 80 suka rasu, bincike ya ɗora laifin a kan sakacin ma'aikata da ƙofofin tare ruwa da aka bari a buɗe. Bayan nan an tsaurara dokoki. Lambar gaggawa 112 ce, ta masu tsaron gaɓar teku kuma 108.

In zo da motar haya?

A'a. Koufonisi da ƙafa ake gama ta, gaɓar Pori da ta fi nisa ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga gari ba, ga kuma ƙananan kwale-kwale masu zagaya gaɓoɓi lokacin zafi. Iraklia titinta na kirki guda ɗaya ne. Gurbin mota a Skopelitis kaɗan ne kuma mutanen gari sun fi ka buƙatarsa, sannan yawancin kamfanonin haya ba sa yarda a hau jirgi da motarsu sai da izini.

Da yara da tsofaffi fa?

A yawancin kamfanoni yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ne, daga 5 zuwa 10 rabin kuɗi, amma ko jariri sai an yanka masa tikiti da sunansa. Wahalar tsofaffi matakala ce: a Skopelitis daga wajen motoci zuwa wurin zama hawa ne mai tsayi da matsi, manyan jiragen Blue Star kuwa suna da matakala mai tafiya da kanta. Mai keken guragu ko mai buƙatar a riƙe shi ya sanar da kamfani awa 48 kafin tafiya, dokar da aka ambata a tambayar sokewa ta wajabta musu taimaka masa. A kan gada ka riƙe hannun yaro gam, don tana motsi kuma motoci da mutane hanya ɗaya suke bi.

Musulmi zai sami abin da zai ci? Salla fa?

Abinci ba zai gagara ba, in ka yi tambaya. Gasasshen naman tsinke da na gyros, wato irin shawarmarsu, yawanci na alade ne sai an ce maka kaza ce, naman akuya da na rago kuma ba yankan Musulunci ba ne, ana kuma sa giya a wasu dahuwar. Kifi kuwa ga shi nan, Koufonisi garin masunta ne. Akwai fava, wani faten wake mai laushi da man zaitun da albasa wanda Schinoussa ta yi suna da shi, ga salak da cuku da burodi. Ka yi hattara da ɗan ƙaramin kofin da ake miƙo wa baƙo na maraba ko bayan cin abinci: rakomelo da psimeni raki barasa ce da zuma, ko da ƙamshinta na kirfa ne. A Skopelitis ɗan kanti ne kawai na kofi da abin taɓawa.

Babu masallaci a tsibiran nan. A Atina ma sai Nuwamban 2020 aka buɗe na hukuma, a unguwar Votanikos. Alƙibla kudu maso gabas take. Tafiyar awa ɗaya ce, don haka ka yi sallarka a masauki kafin fita ko bayan isa. Mai tafiya da iyali ya kuma sani cewa a gaɓoɓin da ke nesa da gari, musamman a Koufonisi, wasu na wanka tsirara. Na bakin gari sun fi kamun kai.

Kati ya isa, ko sai da tsabar kuɗi? In ciwo ya kama ni fa?

Ana karɓar kati a yawancin wurare, amma ka riƙe tsabar yuro ta kwana biyu ko uku. Na'urar cirar kuɗi a irin waɗannan tsibirai ɗaya ce ko biyu, tana iya ƙarewa ko ta lalace, mai gyaranta kuma a jirgin da kake jira zai zo. Ruwan sha na gora ake saye. Ɗan ƙaramin ɗakin shan magani ne a kowane tsibiri, asibiti sai Naxos, mai tsanani kuma a ɗauke shi da jirgin ruwa ko mai saukar ungulu. Mai shan maganin hawan jini ko na siga ya zo da abin da zai ishe shi har da rarar kwanaki.

Waɗanne kurakurai aka fi yi wajen sayen tikiti?

Na farko, rikita Iraklia da Iraklio, wanda ake kuma rubutawa Heraklion, babban birnin tsibirin Kirit da ke can kudu. Manhaja kan cike maka sunan da kanta, kuma babban birnin take fara kawowa. Na biyu, Amorgos tasha biyu gare ta, Katapola da Aegiali, tsakaninsu tafiyar mota ce mai kwane-kwane ta fiye da rabin awa. Na uku shi ne na dare: tikitin da ya ce Talata 00:40 yana nufin daren Litinin ne za ka kasance a tasha. Wannan ya fi shafar masu bin Blue Star. Agogon Girka kuma yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu lokacin zafi, awa ɗaya a hunturu, ka duba wayarka ta sauya.

Tsibiran da nake hangowa daga Koufonisi, ana zuwa?

Na kusa, Kato Koufonisi, ana zuwa. Kusan ba kowa a cikinsa, kwale-kwale ke kai mutane lokacin zafi su dawo da su da yamma, kuma a bakin tasha ake biya, ba ya cikin jadawalin intanet. Babban mai tsaunin nan kuwa Keros ne, kuma an hana sauka a kansa. Wurin tarihi ne inda aka tono gutsattsarin gumakan farin dutse na shekaru fiye da dubu huɗu, an sace da dama kafin hukuma ta killace shi. Masu bincike daga jami'ar Kambirij ƙarƙashin Colin Renfrew sun yi shekaru suna aiki a can da ɗan tsibirin Daskalio da ke gefensa. Masu kwale-kwale na iya zagayawa da kai ta ruwa.

Wane wata ya fi dacewa, kuma ana tafiyar a hunturu?

Yuni da Satumba. Jirage sun yawaita, iska ba ta kai ta Agusta ba, ɗaki ya fi araha, a Satumba kuma ruwan teku ya yi ɗumi. Daga Nuwamba zuwa Maris hanyar ba ta mutuwa, Skopelitis na ci gaba da aiki, Blue Star na zuwa jefi-jefi, amma masu gudu sun tafi, yawancin masaukai da gidajen abinci a rufe suke, hana tashi saboda guguwa kuma ya fi yawa. A wannan lokaci ne ma ake janye Skopelitis na wasu makonni don gyaran shekara. Mai niyyar zuwa a hunturu ya kira masauki ta waya ya ji ta bakin mai shi cewa a buɗe yake, ya kuma tambaye shi ko ƙaramin jirgin na kan aiki a makon.